Yadda Ake Harhaɗa Gadar Jirgin Ƙasa ta Saman Titi Gunduwa-Gunduwa

Ku dubi gadar nan ta jirgin Metro na Dubai, wato jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe ranar 9 ga Satumba 2009. Ba a kan titi aka zuba kankarenta ba. A wani fili aka zuba shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mai siffar harafin U, aka kwaso su a tirela. Yawancin tazarar da ke tsakanin ginshiƙi biyu mita 28 ce, ko 32, ko 36.

A wajen zubi ake cin nasara ko a faɗi. Kowace sabuwar gunduwa ana zuba ta ne a jikin wadda ta gabace ta, bayan an shafa wa fuskar tsohuwar maganin hana mannewa, domin haƙoran fuskokin biyu su shiga juna daidai. Safiyo yana auna kowace ɗaya kafin zubi da bayansa. Kuskuren milimita biyu ƙarami ne a ido, amma in aka bar shi ya taru a gunduwa goma, ƙarshen gadar zai kauce wa ginshiƙi. Zafin sabon kankare ma yana iya lanƙwasa tsohuwar gunduwa, ya bar ɓaraka a mahaɗa.

A wurin aiki, wani dogon injin ƙarfe yana tsayawa a kan ginshiƙai, ya rataye dukan gunduwoyin tazara guda. Sai a shafa wani gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi a fuskoki, a matse su da sandunan ƙarfe na wucin gadi har gam ya ɓullo ta gefe. A zafin Dubai gam na saurin daskarewa, don haka ba a kwaɓa shi sai komai ya kammala. Daga nan a zura igiyoyin ƙarfe ta bututun da ke cikin kankaren, kamar zaren carbi, a ja su da jak, sannan a sauke gadar a kan mazauninta.

Saura cika bututun da ruwan siminti, kuma wannan matakin bai kamata a yi masa garaje ba ko kaɗan. In iska ta maƙale a ciki, ruwa zai samu wurin zama, tsatsa ta ci igiyoyin ba wanda ya gani. A 1985 gadar Ynys-y-Gwas da ke Wales, a Birtaniya, ta rufta saboda tsatsa ta cinye igiyoyinta a mahaɗar gunduwoyi. Shi ya sa ake tura ruwan simintin daga ƙasa, ba a rufe mafitar iska sai ya fito da kaurin da ya shiga.