Ƙafar da jini bai isa ba, da ƙafar da jini ya kasa barinta

Assalamu alaikum masu kallonmu. Bayanin yau na ma'aikatan jinya ne da ɗaliban da ke koyon aikin, kuma masu zaman jinyar 'yan uwansu a asibiti za su amfana da shi.

A ɗauka an kwantar da mutum biyu rana ɗaya a wani asibiti a nan Maradi. A ɓangaren maza akwai dattijo mai ciwon suga wanda ya daɗe yana shan taba. Ya ce idan ya taka daga gida zuwa masallaci sai sharaɓarsa ta ƙulle, dole ya tsaya na 'yan mintuna kafin ciwon ya sake shi, yanzu kuma ciwon ya fara tashinsa cikin dare, ba ya samun sauƙi sai ya sako ƙafar ƙasa daga bakin gado. A ɓangaren mata kuwa akwai wata mai sayar da abinci da ke wuni a tsaye gaban murhu. Ƙafarta na kumbura da yamma, fatar da ke saman idon sawunta ta ƙara duhu ta yi tauri, ga gyambo mai faɗi yana tsiyayar ruwa. Dukansu biyu za su ce maka ƙafa ke ciwo, kuma dukansu biyu matsalar zagayawar jini ce. Amma jinyar da za ta warkar da matar ita ce za ta iya jawo a yanke wa dattijon ƙafa.

Dalilin yana cikin yadda jiki ke aiki. Zuciyar babban mutum na tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti idan yana hutawa. Akwai jijiyoyin da ke kai jinin zuwa gaɓoɓi, akwai kuma waɗanda ke mayar da shi zuwa zuciya. A jikin dattijon, jijiyoyin kaiwa ne suka ƙuntata saboda kitse da ya taru a bangonsu, abin da taba da suga da hawan jini ke gaggautawa, saboda haka naman ƙafarsa yunwar iskar da jini ke kawo masa yake ji. A jikin matar jinin na isa ƙafa lafiya lau, komawarsa ce ta gagara, domin 'yan ƙofofin da ke cikin jijiyoyin mayarwa, waɗanda ke hana jini zubowa baya, sun saki. Aikin farko na ma'aikacin jinya shi ne ya gane wanne daga cikin biyun ke gabansa.

Ana fara wannan da ido da hannu, kuma ba a duba ƙafa ɗaya ita kaɗai. A buɗe duka biyun, a jera su, a kwatanta. A shafa da bayan hannu daga gwiwa zuwa yatsu, a lura da inda ɗumi ya ƙare sanyi ya fara. A nemi bugun jijiya a wurare biyu, wato bisa bayan ƙafa da kuma bayan ƙashin idon sawu ta ciki. Wasu masu lafiya ma ba a jin bugun da ke bisa bayan ƙafarsu tun haihuwa, shi ya sa rashinsa shi kaɗai bai isa hujja ba. Ƙafar da jini bai ishe ta ba takan yi sanyi, gashinta ya zube, fata ta yi sheƙi, farce ya yi kauri, rauninta kuma ƙarami ne mai zurfi, busasshe, a kan yatsa ko diddige.

Littattafai da yawa suna cewa a duba ko fata ta yi fari ko shuɗi, amma a baƙar fata wannan ba ya fitowa haka. Sai a duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. A danna farcen babban yatsa har ya yi fari, a saki, a ƙirga: launin ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Nan ma akwai abubuwa biyu da ke ruɗar mai duba a ƙasarmu. Na farko lalle ne, domin farcen da ya sha lalle ba ya nuna komai, sai a danna naman yatsan da lallen bai taɓa ba. Na biyu hunturu ne, domin ƙafar da ta kwana cikin sanyi za ta yi jinkiri ko da jijiyoyinta lafiya suke, don haka a lulluɓe ta ta ɗan yi ɗumi kafin a yanke hukunci.

Inda akwai ƙaramar na'urar Doppler, wadda ke jiyo sautin gudun jini a cikin jijiya, ana auna ƙarfin jini a idon sawu, a raba shi da na damtse. Idan na damtse 150 ne, na idon sawu kuma 90, sakamakon 0.6 ke nan. Sakamakon 0.9 ko ƙasa da haka yana nuna jijiyoyin kaiwa sun ƙuntata. Wanda ya haura 1.4 kuwa ba albishir ba ne, alama ce jijiyoyin sun yi tauri har ba sa matsuwa, kuma ana yawan ganin haka ga masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda.

Yanzu mu koma ga gadajen nan biyu. Matar tana buƙatar a ɗaga ƙafarta bisa matashi har ta ɗara tsayin ƙirjinta idan tana kwance, a wanke gyambon, a naɗe ƙafar da bandejin matsi daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, sannan ta riƙa tafiya da motsa idon sawu, domin naman sharaɓa shi ke tura jini sama. Amma ba a naɗa wannan bandeji sai an tabbatar jini na isa ƙafar. Idan awon nan ya gaza 0.8 sai da umarnin likita, idan ya gaza 0.5 kuwa ba a matse ƙafar sam. A ganina babu kuskuren da ya fi sauƙin faruwa a ɗakin wankin rauni kamar a ga gyambo da kumburi a miƙa hannu ga bandeji ba tare da an taɓa bugun jijiya ba.

Dattijon kuma ba a ɗaga ƙafarsa, ba a matse ta. A bar ta a miƙe ko ta ɗan yi ƙasa, a lulluɓe ta da mayafi marar nauyi, a sa matashi a ƙarƙashin sharaɓa yadda diddige ba zai danne katifa ba, a kuma riƙa juya shi kowace awa 2 idan ba ya iya juyawa da kansa. Batun zafi yana buƙatar a zauna da iyalinsa. Idan suka taɓa ƙafar suka ji ta da sanyi, tausayi zai sa su kawo kaskon garwashi ko ruwan zafi su gasa masa. Suga ya riga ya rage masa jin zafi a fatar ƙafa, ba zai san yana ƙonewa ba, ƙunar kuma ba za ta warke ba tunda jini bai isa wurin. Ana iya ce masa: “Baba, a bar gashin ƙafar nan, safa mai kauri ta isa, kuma kada a sa reza a kan kanta ko farce, a bari mu gyara a nan.” Yatsan da ya riga ya bushe ya yi baƙi ba a jiƙa shi, ana barinsa a bushe har likita ya gani. Sai maganar barin taba, da daidaita suga, da duba cikin takalmi kafin a sa, da shan magungunan da aka rubuta ba tare da tsallakewa ba.

Duk wannan ciwo ne mai tafiya a hankali. Akwai wanda ba ya jira. Idan ƙafa ta ɗauki ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi, bugun jijiya ya ɓace, majinyaci ya ce ta mutu ko ya kasa motsa yatsunsa, to jijiya ce ta toshe gaba ɗaya, kuma nama yakan fara mutuwa cikin kimanin awa 6. Ma'aikacin jinya da ke wata CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, a yankin Dakoro ko Mayahi ya sa tsawon hanyar zuwa Maradi cikin lissafinsa, ya tura majinyacin nan take, kada ya ba shi maganin ciwo ya ce a dawo gobe. Haka yake ga wanda aka yi wa ɗori ko aka sa wa filasta, idan ciwon na ƙaruwa fiye da ƙima kuma yana tsananta da an miƙar da yatsunsa, sai a sassauta abin da ya matse a kira likita, ko da ana jin bugun jijiya.

Mai jego da ƙafarta ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko wanda ya daɗe a kwance bayan aikin tiyata, a yi zaton gudan jini ne a jijiya mai zurfi. Ba a yi wa irin wannan ƙafa tausa, domin gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan numfashi ya fara sama-sama ko ƙirji ya ɗauki ciwo, a kira likita a lokacin. Wanda aka ɗora kan maganin tsinka jini kuma a riƙa duba dasashinsa da fitsarinsa da launin bayan gidansa.

Kafin ka miƙa aiki ga wanda zai canje ka, ka yi alama da alƙalami a daidai inda ka ji bugun jijiya da inda sanyi ya tsaya, ka rubuta lokacin a takardar majinyaci. Kada ka rubuta “ƙafa da sauƙi”. Ka rubuta cewa da ƙarfe 8 na dare ƙafar hagu tana da sanyi daga idon sawu zuwa ƙasa, launi na dawowa cikin daƙiƙa 4, yatsu na motsi, domin wanda zai duba da ƙarfe 10 ya san ko sanyin ya haura alamar.