Laccar Wasan Ces: Fito da Mayaƙa, Ɓoye Sarki

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Na daɗe ina duba wasannin masu koyo, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinsu tun motsi goma na farko suke faɗuwa, alhali rabin mayaƙansu na barci a layin baya.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya ji labarin kisan sarki a motsi huɗu, inda sarauniya da bishof ke haɗuwa a kan gidan f7 (kowane gida a allo ana kiransa da harafi da lamba), wanda sarki kaɗai ke gadinsa. Sai ya fito da sarauniya tun motsi na biyu. Idan abokin karawarsa ya san hannunsa, zai tare, sannan ya riƙa korar ta da doki da bishof. Shi yana fito da sabon mayaƙi, kai kana yawo da guda ɗaya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ku dubi wasan da Paul Morphy, Ba'amurke, ya buga a gidan opera na birnin Faris a 1858, da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai a kansa. A motsi na 8 yana iya cin soja a b7, amma ya ƙyale shi, ya fito da dokinsa zuwa c3. Wannan motsin, a ganina, shi ne zuciyar wasan. A motsi na 12 ya yi kasilin, wato motsin da sarki da ruk (mayaƙin da ke kusurwar allo) ke yi tare, ta ɓangaren sarauniya: sarki ya fake, ruk kuma ya sauka a layin d a buɗe, duk a motsi ɗaya. Su kuwa sarkinsu yana nan a e8, bishof ɗin f8 da ruk ɗin h8 ba su ko motsa ba har aka tashi. Morphy ya sadaukar da sarauniya a motsi na 16, ya kashe sarki a na 17 da ruk da bishof kawai.

Wani zai ce ai Morphy ne. To, amma ƙirga mayaƙan da suka fito ba ya buƙatar baiwa, kowa a ɗakin nan zai iya.

Kasilin kuma yana da sharuɗɗa: sarki da ruk ɗin ba su taɓa motsi ba, babu kowa a tsakaninsu, sarki ba ya cikin hari, ba zai ratsa ko ya sauka a gidan da ake hari ba. Don haka kada ku jinkirta. Bayan kun yi, ku bar sojoji ukun da ke gaban sarki su zauna, domin soja ba ya komawa baya. Sai dai idan wasa ya yi nisa, ruk-ruk suka fara yawo, ku tura soja guda ɗaya, kamar zuwa h3, sarki ya sami ƙofa, kada a rufe shi a layin baya.