Igiya, Duwatsu da Furanni: Lacca kan Jinyar Waɗanda Firgici Ya Ƙi Saki

An rubuto wannan daga faifan laccar da wata masaniyar halayyar ɗan'adam ta yi wa masu aikin sa-kai a Maiduguri.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Akwai wata baiwar Allah da na taɓa zama da ita. Shekararta huɗu da baro ƙauyensu, ta samu ɗaki, 'ya'yanta na zuwa makaranta. Amma duk ranar da maƙwabta suka ƙona shara, ƙaurin ya shigo mata, sai ta kwashi yaran su shige ƙarƙashin gado. An kai ta ruƙiyya har sau uku. Dangi sun gaji, suna cewa, "Haba, abin da ya wuce ai ya wuce, ki yi haƙuri mana." To, a wurinta bai wuce ba, kuma nan gizo ke saƙar.

Duk abin da ka tuna cikin kwanciyar hankali yana tafe da lokacinsa da wurinsa: bikin wance, bara, bayan babbar salla. Amma sa'ad da mutum ya yi ido huɗu da mutuwa, ƙwaƙwalwa ba ta da sukunin rubuta kwanan wata. Sai ta ajiye ƙarar bindiga daban, ƙauri daban, bugun zuciya daban. Da an taɓa ɗaya, sauran su taso gaba ɗaya, jiki ya ɗauka yanzu abin ke faruwa. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da wannan ciwo na firgici cikin kundinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa, bayan abin da suka gani a tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Ku lura, ba kowa ne ke bukatar jinya ba. Da yawa suna farfaɗowa da kansu in sun samu matsuguni, abinci da 'yan'uwa. Don haka kada ku tsare wanda ya tsira jiya ku ce sai ya zayyana muku komai yau. An gwada hakan, ba a ga amfaninsa ba, har hukumar ta hana. A jagoranta na 2013 ma ta ja kunne kan ba da ƙwayoyin barci irin su diazepam a watan farko. Na san masu kemis ba za su so wannan magana ba.

Wanda wata da watanni suka shuɗe abin bai sake shi ba, shi ne namu. Hanyar da na fi so ita ce jinya ta ba da labari, wadda Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert na Jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara. Ga kayan aikin nan a jakata. Igiya ce, sai duwatsu, sai furanni. Za ka shimfiɗa igiyar a ƙasa ka ce, wannan bakin ranar haihuwarki ce, wancan da ke naɗe kuma kwanakin da ba su zo ba. Kowane abin farin ciki ta ɗora fure, kowane bala'i ta ɗora dutse. Sannan zama bayan zama ku bi igiyar tun daga farko. In kun iso kan dutse ba a tsallakewa, ba a kuma gaggawa. Wace rana ce? Damina ko rani? Wa ke kusa da ke? Me kika ji a ƙirjinki a lokacin, me kike ji yanzu da kike kan tabarmar nan? Kana rubutawa, in ta dawo ka karanta mata ta gyara. Za ta yi kuka, gumi zai karyo mata, kai kuma ka daure, kada ka katse ta a tsakiyar dutse, sai kun kai inda ta tsira. Da haka ƙaurin nan yake samun ranarsa da ƙauyensa, ya koma ya zauna a can.

An gwada wannan a kan 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi na Yuganda, aka fitar da sakamakon a 2004. Zama huɗu kacal. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin ɗari ne ciwon bai saki ba, alhali a cikin waɗanda aka yi wa lallashi kawai kashi 79 ne. Mutanen ba su da yawa, 43 ne, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ko wanda ba likita ba zai iya, in an horar da shi ana kuma duba aikinsa.

Akwai kuma dabarar motsa ido ta Francine Shapiro, inda majinyaci ke tuno abin yana bin yatsan likita dama da hagu. Tana aiki, sai dai tana son ƙwararre, ƙwararrun kuma ku kun san yawansu a nan.

Na ga Malam ya ɗaga hannu. Na'am, Malam? Yana tambaya ko tono abin da ya wuce bai saɓa wa haƙuri da ƙaddara ba. Allah ya gafarta Malam, ka fi ni sani, Annabi Yaƙub ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya cire shi daga masu haƙuri. Ni ba na hana kowa addu'a, tare ma muke buɗe zama da ita. Abin da nake roƙon malamai, in an yi ruƙiyya mutum bai daina zabura cikin dare ba, ku turo mana shi.

Hajiya kuma tana tambaya kan matan da aka yi wa fyaɗe. Mace ce za ta zauna da mace, a ɗakin da ba mai leƙe, kuma ko mijinta ba shi da hakkin jin abin da aka faɗa. In kunya ta hana ta kiran sunan dutsen, ta ajiye shi haka nan, ranar da ta shirya za ku dawo kansa. Wanda kuwa ya fara zancen kashe kansa, ko yake jin muryoyi, wannan ya fi ƙarfin igiya. A ranar za ku raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan garin.

An kira la'asar. In mun dawo, kowa ya nemi abokin zama, za mu shimfiɗa igiyoyin a tsakar gida ku gwada da labarin da ba naku ba tukuna.