Me Ya Sa Irin Tumatir Da Aka Ajiye Yake Gauraya?

Masu kallo, ana ta muhawara kan ko tumatir yana gauraya da na maƙwabci kamar yadda masara take yi, kuma amsar tana cikin ɗan furen tumatir ɗin nan ruwan ɗorawa.

Furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace a wuri guda. Sassan namijin sun haɗu sun zama bututu, ƙurar fure tana zubowa ta cikinsa, tsinken macen kuma yana tsakiya. Da zarar iska ta girgiza reshe, ƙurar ta faɗa kan macen, furen ya yi wa kansa barbara.

To, ga inda mutane suke kuskure: ba duk furen tumatir ne iri ɗaya ba. Ku dubi bakin bututun da kyau a furanni iri biyu. A furen farko ba a ganin komai, domin tsinken macen gajere ne, ya tsaya a ciki, kuma da wuya ƙurar wani fure ta same shi. Haka furen mafi yawan irin zamani yake, shi ya sa manomin Kadawa a jihar Kano zai iya ajiye irin Roma ko UC82B shekara da shekaru bai ga ya sauya ba. A fure na biyu kuwa, kan tsinken ya leƙo waje kaɗan, kuma wannan ɗan leƙowa, da bai wuce milimita 1 ko 2 ba, shi ne ƙofar da baƙuwar ƙura take shiga. Dangin tumatir na daji a ƙasashen Peru da Ekwado suna da dogon tsinke, haka ma wasu tsofaffin iri masu manyan 'ya'ya, musamman furensu na farko da yakan fito a haɗe kamar tagwaye. A shekarar 2007 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka sun gano ƙwayar halittar da ta gajarta tsinken.

Ƙudan zuma, da ake yawan ɗora wa laifi, bai cika kula furen tumatir ba saboda babu ruwan zaƙi a cikinsa. Masu aikin su ne ƙudajen daji, irin baƙin nan mai huda itace, waɗanda suke rungumar bututun su kaɗa jikinsu har ƙura ta zubo musu a ciki, su tafi da ita wani fure.

Tsananin zafi, irin na Maris da Afrilu, yakan sa tsinken ya leƙo ko a irin da aka sani da ɓoye shi, saboda haka a ganina ɗiban iri daga furen bazara ganganci ne. Kuma gaurayar ba ta bayyana a tumatir ɗin bana, sai an shuka 'ya'yansa baɗi. Wanda ya ajiye iri daga fakitin da aka rubuta F1 kuwa, kada ya zargi ƙwari ko maƙwabci, domin irin haɗi dama can rarrabuwa yake yi a shuka ta biyu.