Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗi ya tafi, leshin da aka kawo ba shi ba ne

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum daga nan Legas. Wasiƙunku sun yi yawa a wannan mako, lokaci kuma kaɗan ne.

Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya ce an zare masa kuɗi a wurin mai POS, amma takarda ta nuna bai fita ba. Alhaji, ka kai kuka bankinka a rubuce tare da takardar, idan kuma mako 2 ya wuce ba a warware ba, sai ka garzaya sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Sai wasiƙar wata baiwar Allah daga Idi-Araba, wadda irinta ta fi yawa a gabana. Ta ga leshi a intanet, ta tura kuɗin ankon bikin ƙanwarta gaba ɗaya, da kaya ya iso sai ga wani yadi daban, mai sayarwar kuma ta daina ɗaukar waya. Haba Hajiya, ke da ba kya sayen atamfa a kasuwar Balogun sai kin murza ta da hannu, yaya aka yi hoto ya ishe ki? Duk da haka kina da haƙƙi. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da abin da aka kwatanta masa ba, a kuma biya shi kuɗinsa. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASCOPA, sannan akwai kotun ƙananan basussuka da aka soma a 2018, inda mutum ke iya shigar da ƙara ba tare da lauya ba. Sai dai dukkansu shaida za su nema. Bari in maimaita: kada ki goge hirarku, ki adana hoton tallan, da rasit ɗin banki mai ɗauke da sunan asusun da kuɗin ya shiga, ki kuma ɗauki hoton yadin yadda aka kawo shi. A ganina, duk wanda ba ki san shagonsa ba, ki nace sai kaya ya zo hannu kafin ki biya.

Wata marubuciya daga Agege ta ce ana raba littafinta kyauta a zaurukan WhatsApp. Bari mu ji ta bakin lauyan da ke tare da mu a shirin. Barista, me za ta yi?

To, Malam, ai matsalar ta daɗe, tun zamanin faya-fayan bidiyo da ake kwafa ana sayarwa a kasuwar Alaba, abin da ya durƙusar da masu shirya fim da yawa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shigo da satar fasaha ta intanet, kuma haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa.

Mun gode Barista, amma ita tambaya take ina za ta dosa. Malama, ki haɗa hotunan zaurukan ki kai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa da ke nan Legas. Ku kuma masu turawa, ku ji tsoron Allah, guminta kuke rabawa.

Mai tambaya daga Obalende kan wayar da ya saya a Ikeja, ka yi mana haƙuri, da taka za mu buɗe mako mai zuwa.