Sunanka a Jikin Akwatin Wasiƙa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ina tare da Malam Bashir kamar kullum, ga kuma ƙaninmu Sani, wanda ko wata biyu bai yi a birnin Bonn na ƙasar Jamus ba. Sani, ya baƙunta?

Sani: Alhamdu lillahi, Anti. Sai dai Lahadin farko da yunwa na kwana. Na ɗauki jaka zan yi cefane, na tarar kowane kanti a garƙame. Wallahi na zaci wani babba ne ya rasu.

Bashir: (dariya) Doka ce, ɗan'uwa. A Jamus cefanen Lahadi tun Asabar ake yinsa. In ka makara, sai gidan mai ko shagon babbar tashar jirgin ƙasa, su kuma tsada.

Hadiza: Wannan ai ƙaramin alhaki ne. Ka yi Anmeldung?

Sani: Na yi, da ƙyar.

Hadiza: Malam, fayyace wa na gida.

Bashir: Rajistar wurin zama ce. Cikin kwana 14 da tarewarka za ka je ofishin hukumar gari da fasfo, da wata takarda da mai gida zai sa wa hannu cewa lallai a gidansa kake. Sunanta ma sai ka ja numfashi: Wohnungsgeberbestätigung. Bayan rajistar ne za a aiko maka lambar haraji, ita ce mai ɗaukarka aiki zai fara tambaya. Bankuna da yawa ma sai sun ga shaidar rajistar.

Hadiza: Kuma duk ta wasiƙa. Nan ni na sha wuya. Na yi mako uku ina jiran katin banki, kullum in leƙa akwati, wayam. Ashe an kawo, an mayar. Sunana ne babu a jikin akwatin.

Sani: Ba lambar ɗaki suke bi ba?

Hadiza: Ina! Yawancin gidaje lambar gini kawai gare su. Mai kawo wasiƙa sunan mahaifi yake dubawa a akwati da jikin ƙararrawa. Ba irin namu ba ne da za ka ce gidan Alhaji mai goro, bayan masallaci, yaro ya raka ka har zaure.

Bashir: Mu Hausawa kuma abin ya fi ritsawa da mu. Mutum na da sunansa, da na uba, da na kaka, wani har da na garinsu. Ka buɗe fasfo, ka ga wanda aka sa a gurbin sunan iyali, shi za ka liƙa, harafi da harafi. In Muhammad ne a fasfo, kada ka rubuta Mohammed don ya fi maka kyau.

Sani: To ni da na liƙa nawa, wasiƙar da ta fara zuwa ta neman kuɗi ce. Wai Yuro 18.36 duk wata, na rediyo da talabijin. Ni da ko katifar kirki ban gama saya ba!

Bashir: Ba ruwansu da ko kana da talabijin. Gida ake ɗora wa, ba mutum ba. In ku huɗu ne a gidan, biya ɗaya ne, ku raba.

Sani: Mu uku ne.

Hadiza: To tambaye su, wataƙila wani na biya tun kafin ka zo. Sai ka aika da lambar biyansa, a cire ka.

Sani: Allah Ya saka, Anti. Da na biya sau biyu.

Bashir: Robobin ruwa fa, ina kake kai su?

Sani: Bola mana.

Bashir: Innalillahi! Kowace roba mai tambarin Pfand, wato kuɗin ajiyar da ake mayar maka in ka mayar da robar, sent 25 ce. Injin kanti za ka zura wa, ya ba ka rasit. Guda nawa ka zubar?

Sani: Malam, mu shiga wata maganar.