Lacca: Dalilin da Ya Sa QEMU Ke Rufe Wasu Ƙofofin Tambaya Game da Faifai

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa yau, in Allah ya yarda, in kuma la'asar ba ta cim mana ba.

Na farko, QEMU. Manhaja ce da Fabrice Bellard ya fara a 2003, aikinta ta gina maka kwamfuta a cikin kwamfuta. Manhajojin da ke kula da ita, irin su libvirt, ba linzami suke dannawa ba. Tambaya suke aikawa ta hanyar da ake kira QMP, a rubuce da JSON, wani tsarin rubuta bayanai, amsa ma ta dawo da JSON. Ka ce query-block, ta jero maka faifan da ke jone da injin. Ka ce query-named-block-nodes, ta jero maka kowane falle da ke ƙarƙashinsu. Ku riƙe wannan, don faifan qcow2, wato tsarin fayil ɗin faifai na QEMU, in an sha ɗaukar hotonsa, wato adana yadda yake a wani lokaci, sau da yawa ba fayil ɗaya ba ne. Falle ne kan falle, na sama ana rubutu a kansa, na ƙasa karatu kawai.

To, ga inda raina yake. Taswirar canji. A ce kana da faifai mai girman terabayit ɗaya, kullum da dare kana son kwafin ajiya. Za ka kwashe terabayit ɗin duka kowane dare? Haba! Ko da kuɗin data na gidanku ne. (dariya) Sai QEMU ta yanka faifan gunduwa-gunduwa, a qcow2 yawanci kilobayit 64 kowace gunduwa, duk inda aka yi rubutu ta ɗiga alama. Dare ya yi, ka kwashe masu alama kaɗai, a share taswirar, gobe a sake. Wallahi dabarar nan tana burge ni. Masu alama kaɗai fa!

Yanzu ku ji tambayar: taswirar nan ta wa ce? Ta na'urar da injin ke gani ce, ko ta falle? Ta falle ce. A jikin falle ake maƙala ta, a qcow2 ma ana iya adana ta cikin fayil ɗin, a kashe inji a kunna, tana nan. Amma da farko, a amsar query-block aka sa bayaninta, a wani fili mai suna dirty-bitmaps, can sama, a gefen bayanin na'ura. Lokacin ba wanda ya damu. Sai aka kawo zaɓin -blockdev a QEMU 2.9, a 2017, mai kula ya samu ikon sa wa kowane falle suna da hannunsa, har da fallen da ba a jona shi da wata na'ura ba. To wannan fallen, query-block ba ta ma san da zamansa ba, balle taswirarsa. Kun gane? Bayanin yana nan, amma ƙofar tambayar ba ta kai ka wurinsa.

Sai aka gyara a 4.2, ƙarshen 2019: aka sa filin a cikin bayanin falle, inda ya dace tun asali. Yanzu query-named-block-nodes tana nuna shi, query-block ma tana nuna shi a cikin sashen inserted. Amma a lokacin tsohon na sama yana nan. Amsa ɗaya, wuri biyu. Kamar mai shago ne da littafin bashi biyu: muddin lissafi ya zo daidai, lafiya lau, ranar da suka saɓa kuwa, da wanne za ka bi mutum bashi? Kuma duk wanda ya taɓa lambar nan dole ya tuna ya gyara biyun, ya gwada biyun. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa hujjar rufe ɗaya.

Af, a cikin taswirar ma an yi irin haka. Akwai fili status da ke ba ka kalma ɗaya tak, alhali abu biyu kake son sani: tana ɗiga alama yanzu? Wani aiki yana riƙe da ita? A 4.0 aka raba su, recording da busy, aka ce status ya fara haɗa kayansa.

Na uku... na biyu ne ko? To, na biyu, da sauri. Ba a cirewa dare ɗaya. Ƙa'idar QEMU ita ce abin da aka sanar za a daina ya ci gaba da aiki a fitowar da aka sanar da kuma wadda ke bin ta, kuma sau uku ake fitowa a shekara. Tsohon filin namu na dirty-bitmaps ma ya zarce haka, sai a 6.0, Afrilun 2021, aka cire shi. A wannan sharar aka kwashe status, da query-cpus wadda query-cpus-fast ta gaje ta, da query-events, da wani fili encryption_key_missing wanda tun 2.10 amsarsa kullum "a'a" ce. Shekara da shekaru ana tambayar bawan Allah, bai taɓa cewa "i" ba. (dariya)

Na'am, Hajiya, ga lasifika.

Mai tambaya: Malam, mu da muka rubuta 'yar manhajarmu da ke magana da QMP kai tsaye, ta yaya za mu san mun jingina da abin da za a cire?

Yauwa, wannan ya fi na ukun nawa amfani, a bar shi kawai. Ranki ya daɗe, tun daga 5.0 ana maƙala wa irin waɗannan alamar deprecated, wato abin da za a daina, kuma in kika aika query-qmp-schema za ki gan ta. Amma wa ke da lokacin karanta wannan tulin? Tun 6.0 akwai zaɓin -compat. Ki ta da injin gwaji, ba na aiki ba, don Allah, ki sa deprecated-input=reject, duk tsohon umarnin da manhajarki ta aika a ƙi karɓa. Ki ƙara deprecated-output=hide, tsofaffin filaye su ɓace daga amsa, tamkar an riga an cire su. Sai ki gudanar da kwafin ajiyarki daga farko har ƙarshe. Inda ta faɗi, nan za ki gyara. In kuma ta libvirt kike bi, wannan ɗawainiyar a wuyansu take, ke dai kada ki sabunta QEMU ki bar libvirt tsohuwa.

Ga kiran sallah can. Mai tambaya ta gaba ya same ni a bakin ƙofa bayan mun idar.